Karen da Baba Direba Ya Cika wa Tanki

Baba Direba mutum ne da bai taɓa barin kowa da yunwa ba, kuma da wannan yake tinƙaho. Ko minti kaɗan ka zauna da shi sai ya kawo maka zancen. Zai ce duk shekarun da ya yi yana jan babbar mota, ba ranar da tukunyar gidansa ta kwana a kife. Gaskiya ya faɗa. Abin da ba ya faɗi shi ne sau nawa ya ga tukunyar a kan wuta da idonsa.

Shi tun yana saurayi ya ɗauki duniya duk mota ce. Mota kuwa ba ta da wuyar sha'ani. Ka cika mata tanki, ka duba baƙin mai da ruwa, ka sa dutse a bayan taya, ka kulle ka yi tafiyarka. Ko wata guda ka yi, inda ka bar ta nan za ka same ta, ka murɗa makulli ta amsa. To haka ya riƙe matarsa, haka ya riƙe 'ya'yansa. Ranar tafiya sai ya sa a jibge buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin sabulu a tsakar gida, ya tsaya yana kallon kayan kamar wanda ya gama ginin bene, ya ce, "To, na cika muku tanki. Kwana biyu zan yi." Kwana biyun direban dogon zango kuwa, mace na iya yaye yaro a cikinsa.

Akwai wata dawowa da ya yi da takalma masu fitila a dunduniya, tsarabar autansa. Yaron ya leƙo daga bayan zanen uwarsa ya ce, "Mama, baƙon nan a nan zai kwana?" Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Da aka zo gwada takalman kuma ko yatsu ba su shiga ba, don da ƙafar da ya bari ya yi awo, ya manta ƙafar yaro ba ta jiran kowa. Shekara da shekaru yana ba direbobi wannan labari a teburin mai shayi, a matsayin abin raha. Matar dai ba ta yi dariya ba. Ita irin matan nan ce masu haɗiye magana har ta zame musu ciwo.

Ranar da ta cika yana can wata iyaka yana jiran a buɗe hanya. Ya iso an riga an tashi daga zaman makoki, an naɗe tabarmi. Da buhu biyu ya zo. Babbar 'yarsa ce ta tare shi a ƙofa. Ta dubi buhunan, ta dube shi, ta ce a kai su ɗakin ajiya. Ko hawaye ba ta bari ya gani ba.

Maza biyun da ya haifa kuwa, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowanne ya kama gari mai nisa. Ƙarshen wata wayarsa za ta yi ƙara, saƙo ya shigo an turo masa na cefane. Ba su taɓa fashi ba, ba su kuma taɓa zuwa ba. Sun cika masa tanki.

Da yanar ido ta fara rage masa gani, gwiwar hagu kuma ta ƙi taka kuloci, masu motar suka karɓi makullinsu, suka sallame shi da agogon bango. Babbar 'yar nan ce ta ɗauke shi. Tela ce, duk layin Anti Tela ake ce mata, shi kuwa Uwata yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta kwashe ragowar yadi daga ɗakin bakin ƙofa, ta sa masa gado da fanka. Ba ta rage shi da komai ba. Shayinsa na zuwa da safe, abincinsa a rufe da faranti, kayansa a wanke a goge. Sai dai magana tsakaninsu ba ta wuce "an tashi lafiya" da "ga abinci nan". In ya shigo gidan daga waje, keken ɗinkinta ko sassautawa ba ya yi.

Zaman gida ya ishe shi, sai ya tsiri zuwa wurin mai faci a bakin babban titi. Akwai benci a gindin katanga, nan yake wuni yana sauraron manyan motoci. Ido ya yi rauni amma kunne na nan. Daga ƙarar inji zai gaya maka wadda aka yi wa lodi fiye da kima da wadda direbanta bai iya canja giya ba.

Mai facin yana da wata jar karya mai ɓarin kunne. Ita ce ta tayar wa Baba da kwaɗayi. Mai facin zai tsallaka titi ya sayo ruwan sanyi, abin da bai kai a sha shayi kofi ɗaya ba, amma yana dawowa karyar nan za ta taso tana kaɗa jiki gaba ɗaya, tana kewaye shi, tana kuka-kuka kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Baba ya zuba ido yana kallo kullum. Shi da ya yi ta dawowa daga ƙarshen duniya, ba wanda ya taɓa taso masa haka. Da karyar ta haihu a cikin wata tsohuwar taya, ya ƙyalla ido a kan wani ɗan kwikwiyo mai farin goshi.

"Wancan nake so," ya ce.

Mai faci ya ɗago daga kan tayar da yake ɓarewa. "Baba, ka ƙare rayuwarka da karen mota, yanzu kuma na gida kake nema?"

"Karen mota ai sai ci da gardama. Wannan ko ba komai ba zai sace mini man tanki ba."

"Ba a hana ka ba. Amma ka shirya? Ba rediyo ba ne fa, da za ka murɗe in ya dame ka."

"Ni kake tambaya? Ni da na ciyar da gida guda ban taɓa..."

"Ba ciyarwa na tambaya ba, Baba." Ya mayar da kai kan aikinsa. "Gidan na Anti Tela ne. In ta yarda, ranar da aka yaye su ka zo ka ɗauka."

Baba ya yi kwanaki yana juya yadda zai ɓullo wa maganar. Mutumin da ya saba yi wa jami'an kan hanya daɗin baki, ga shi yana kame-kame a ƙofar ɗakin 'yar cikinsa. Rannan dai ya same ta durƙushe tana yanka wani yadi a kan tabarma, bakinta cike da fil.

"Uwata, na ce ko za mu ajiye ɗan kare. Saboda tsaro. Kin ga ɓarayi sun yi yawa."

Ta zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta soke su a hannun rigarta. "Me za su sata? Agogon bangonka?"

"To, ko don ɗebe kewa."

Nan ta ɗago ta dube shi. "Baba, kare ba ci kaɗai yake yi ba. Wa zai kwashe kashinsa?"

"Ni."

"Wa zai cire masa kaska? Wa zai kai shi allura? In ya lashi butarka wa zai wanke? In ya yi fitsari a kan yadin mutane wa zai ba su haƙuri?"

"Ni ne dai."

"In ka tafi fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Ina za ni da wannan gwiwa da wannan ido?"

"Oho. Ni dama ban taɓa sanin inda kake zuwa ba."

Maganar ta soke shi, amma ya shanye. Ita kuma ta ɗauki almakashi ta ci gaba da yanka, tana magana ba tare da ta dube shi ba. "Ka kawo shi in kana so. Amma ka ji da kyau. Wallahi hannuna ba zai taɓa shi ba. Tun ban iya ɗaura zani ba nake renon abin da ba ni na kawo ba. Na gama."

"Ba za ki ko san yana gidan ba," in ji Baba.

A faɗi gaskiya, da farko ya ba mutane mamaki. Ya sa wa kwikwiyon suna Sipana. Ya haɗa masa 'yar rumfa a bayan gida da tsohon kwano da katako, ya shimfiɗa masa buhu. Ya ɗauke shi a kwali har wurin likitan dabbobi aka yi masa allurar farko. Kwikwiyon ya cinye masa takalmi ƙafa ɗaya, ya yaga labulen ƙofa, ya hana shi baccin bayan asuba, duk Baba bai ce uffan ba. Maƙwabta suna ganinsa da tsintsiya da abin kwasar shara suna ce masa, "Baba Direba, an samu ƙarin girma." Shi kuma ya ce, "Ku dai bari ya girma, za ku san an samu."

Kuma ya samu abin da ya je nema. Duk lokacin da ya dawo daga wurin mai faci, yana turo ƙofa ɗan abin nan zai taho yana tangaɗi, kunnuwa na rawa, ya faɗi ya tashi, ya kama bakin wandonsa. Ran farko da haka ta faru Baba ya tsaya cak. Ya waiga ya ga ko Uwata na kallo. Kanta na kan keke.

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne gobe ma haka ne, jibi ma haka. Safe a kwashe kashi, a zuba ɗan abinci. Rana a canja ruwa, a zuba ɗan abinci. Yamma a zaga da shi, a zuba ɗan abinci. Likita ya ce kaɗan-kaɗan ake ba su don cikinsu ƙarami ne, shi kuwa Baba wannan kaɗan-kaɗan ɗin ne ke ci masa rai. Ya saba da aikin da ake yi gaba ɗaya a karkaɗe hannu. "Wannan ai ɓata lokaci ne," yake ce wa mai faci. "Kamar ka riƙa zuba wa tirela mai da cokali." Ya fara jin gidan ya yi masa ƙunci. Har taryar da kwikwiyon ke yi masa ta fara yi masa salam, don dawowa daga bakin titi ba dawowa ba ce a wurinsa. Hali zanen dutse, in ji masu iya magana.

Ana cikin haka sai ga Gajere. Shi ne yaron motar Baba na ƙarshe, yanzu ya zama magidanci da tumbi da motar kansa. Ya tsaya yin faci ya tarar da tsohon a benci, ya durƙusa har ƙasa.

"Maigida, Allah ne ya haɗa mu. Lodi na samu zuwa can bayan duwatsu, hanyar nan da kai kaɗai ka san kanta. Ni ban taɓa binta da kaya ba, gabana sai faɗuwa yake."

"Akwai wata gangara bayan gada," in ji Baba, muryarsa har ta canja. "In ka shige ta da babbar giya, sai dai a tsinto ka."

"Ka gani? Zo mu je, Maigida. Ba tuƙi za ka yi ba. Zama kawai, ka riƙa gaya mini. Kwana biyu mun dawo."

Warin man dizal na tashi daga motar, injin na ɗan huci. Baba ya ɗora tafin hannu a kan ƙofar ya ji ɗuminta. An daɗe rabon da wani ya ce masa ana bukatarsa.

Mai faci ya ce, "Sipana fa?"

"Zan cika masa tanki."

Mai faci ya yi dariya, a zatonsa wasa ne.

Kada wani ya ce sakaci ya yi. Da sakaci ne ai da sauƙi. Baba ya yi shirin nan da dukan zuciyarsa, irin shirin da ya iya. Ya je wurin mahauci ya sayo ƙasusuwa da tarkacen nama. Ya dafa shinkafa tukunya guda da hannunsa, ya gutsuttsura burodi, ya haɗe duka a babban bahon wanki har ya yi tozo. Ya samo rabin taya ya cika ta da ruwa. Ya ɗaure kwikwiyon da doguwar igiya a jikin ƙarfen shanya, ya auna ya ga za ta kai shi rumfa, ta kai shi baho, ta kai shi ruwa. Sannan ya ja da baya yana kallon aikinsa, zuciyarsa fes. Ko Uwata ba zai ɗora wa nauyi ba. Ta ce hannunta ba zai taɓa ba, to ga shi ya shirya yadda ba sai ta taɓa ba.

Ya jira ta fita sayen zare, ya bar sallahu wurin maƙwabciya, ya rataya jakarsa. "Sipana, kwana biyu zan yi," ya ce. Kwikwiyon ya riga ya cusa kai cikin baho har kafaɗa, bai ko ɗago ba.

Hanya ta karɓe shi kamar bai taɓa barinta ba. Ya nuna wa Gajere gangarar, suka sauka lafiya. Ya sha shayi a wuraren da har yanzu ake tuna sunansa, ya ba da tsoffin labarai, har da na takalma masu fitila, aka yi dariya. Sai mota ta lalace aka jira kayan gyara. Da aka gyara aka jira a sauke kaya. Da aka sauke, Gajere ya ce asara ce a koma wayam, a jira lodin dawowa. Da lodin ya samu kuma ba na gida ba ne, na wani gari ne can gaba. Baba bai ce a'a ba ko sau ɗaya. Ya kan tuna da Sipana, ya ce a ransa ai bahon babba ne, in ma ya ƙare gidan ba a rasa ragowar abinci. Bai kira waya ba. Bai saba ba. A wata kasuwa ya sayi jan abin wuya mai 'yar ƙararrawa, ya sa a aljihu. Duk tsawon hanyar dawowa yana taɓa shi yana murmushi, yana hango irin taryar da za a yi masa. Wannan karon dawowa ce ta gaske.

Da la'asar ya turo ƙofar gidan. Abin da ya taso masa ba ɗan tangaɗin da ya bari ba ne. Kare ne ya fara zama, ƙafafu sun yi tsawo, haƙarƙari a waje, wuyansa da wani zobe na fata tsirara inda gashi ya ƙi fitowa. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya turje, ya buɗe baki da haushi.

"Sipana. Kai, ni ne."

Haushin ya ƙaru. Baba ya miƙa hannu, karen ya ja da baya yana gurnani, ya shige ƙarƙashin teburin ɗinki. A karon farko tun da ya tare a gidan, keken ya tsaya don ya shigo.

"Kai wannan, ya isa," in ji Anti Tela.

Karen ya yi shiru nan take. Ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafarta.

"Sannu da zuwa, Baba. A kawo ruwa?"

"Me ya same shi a wuya?"

"Igiyarka."

Ya nemi kujera ya zauna. Ita kuma ta juyo gaba ɗaya, ta harɗe hannuwa, ta ba shi labarin da murya a kwance, kamar mai faɗa wa mai kaya yadi nawa ya shiga riga.

"Ranar da ka tafi ya ci har cikinsa ya zama ganga, ya kwanta yana amai. Washegari rana ta dafa sauran, baho ya yi tsami, ƙuda suka sauka, kafin ka ce me tsutsa ta fito. Ruwan kuwa tun a daren farko ya hau kan tayar ya kifar. Ya yi ta kewaya ƙarfen yana neman ka, igiya tana naɗewa, tana naɗewa, har ta rage bai iya ko kwanciya ba. A tsaye yake a rana, wuya a shaƙe."

"Na auna igiyar," in ji Baba a hankali.

"Ka auna. Ka manta shi yana motsi."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Ina nan ina jin kukansa ina taka keke. Na ce na rantse, kuma ba ni na kawo shi ba. Na ƙara wa rediyo murya. Sai da kukan ya daina fita, ya koma wani ɗan shaƙeƙƙen sauti, sannan na tashi. Da almakashin nan na yanke igiyar. Na naɗe shi a ɗankwalina na kai shi wurin likita, aka sa masa ruwa. Kayan amaren da ke hannuna ban gama a kan lokaci ba, uwar amarya ta zo har nan ta wanke ni tas, ta kwashe yadinta. Na yi kaffarar rantsuwata. Sannan na zauna ina ba shi abinci da cokali, kaɗan-kaɗan, safe da rana da yamma."

"Uwata, ai abincin da na bari ya isa..."

"Ya isa, Baba. Kullum yana isa. Ba mu taɓa cewa bai isa ba."

Karen ya ɗaga ido ya dubi tsohon, ya sake yin ɗan gurnani daga maƙogwaro. Ta taɓa shi da yatsan ƙafa ya yi shiru.

"Kada ka ji haushinsa," ta ce. "Mu ma haka muka yi. Mu dai ba mu iya haushi ba ne."

Baba ya rasa inda zai sa idonsa. Hannunsa ya shiga aljihu da kansa, ya fito da jan abin wuyan, ƙararrawar ta yi ɗan kuka. Ta karɓa, ta juya shi, ta sunkuya ta gwada daga nesa ba tare da ta taɓa ciwon ba. Ko rabin wuyan bai zagaye ba. Ta miƙa masa abinsa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da safe ya je wurin mai faci, bai ko zauna a benci ba.

"Tambayar da ka yi mini rannan," ya ce. "Ban shirya ba. Zan dawo maka da shi."

Mai faci ya goge hannu da tsumma. "Baba, ai sai abin da ke hannunka kake mayarwa. Je ka tambayi mai shi."

Ya koma gida ya ɗauko sabuwar igiya duk da haka. Karen na ganin igiyar ya shige bayan buhunan yadi yana rawar jiki. Anti Tela ta fito daga kicin da wuƙar yankan albasa a hannu.

"Ina za ka kai shi?"

"Inda na ɗauko shi. Na ɗora miki wahala."

"Yanzu ka sani? Bayan na zubar da rantsuwata, na rasa mai kawo mini ɗinki, na saba da warinsa? Ka kawo, ka tafi, ka dawo, ka kwashe. A'a, Baba. Wannan zama zai yi."

Haka karen ya zauna, ya zama nata. Sunan Sipana ya bi ruwa, ba ya amsawa sai an ce "kai wannan". Ya yi ƙiba, gashi ya rufe zoben wuyan sai ɗan tabo. In ta fita kai ɗinki ya kwanta a bakin ƙofa ya ƙi ci. In ta dawo ya taso yana kaɗa jiki gaba ɗaya kamar uwarsa, ita kuma tana ture shi da ƙafa tana cewa, "Matsa, kada ka ɓata mini zani." Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa yana kallo, kamar dai yadda yake kallo a wurin mai faci, sai dai yanzu ba sai ya je bakin titi ba.

Ba a daɗe ba Gajere ya sake biyowa da wani lodin. Ya yi hon a bakin layi, ya aiko a kira Maigida. Baba ya fita har wurin motar. Ya ɗora hannu a ƙofar, ya ji ɗumin, ya shaƙi warin. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Ka riga ka san gangarar. Allah ya kiyaye hanya." Ya juyo yana jan gwiwa.

Ya shigo gida ƙirjinsa a buɗe kamar wanda ya yi abin a yaba. Ya tsaya a kan Uwata.

"Gajere ne ya zo. Na ce masa ba ni zuwa."

"To," ta ce, ƙafarta na kan keke. "Shayinka ya huce. A ɗumama?"

Me yake jira dama, guɗa? Mutum ya kai shekarun da ko ya so tafiya gwiwa ba ta yarda, sannan ya ce ya zaɓi zama. Ita ta san haka, shi ma ya sani. Ya ce a bar shi haka, ya sha shayinsa da sanyi.

Yanzu dai yana nan. Ya roƙi a bar masa abincin rana na karen, aka bar masa. Yana auna ɗan kaɗan a kwano ya ajiye, karen ya jira sai ya ja da baya tukuna ya ci. Ya daina yi masa gurnani. Da yamma, in ɗinki ya yi mata yawa, ta kan ɗaura masa igiya da hannunta ta miƙa wa tsohon, su fita. Karen na binsa har kwanar mai kanti, daga nan sai ya turje ya juya, ya ja shi zuwa gida.

Rannan wani baƙo a layin ya gan su ya ce, "Baba, wannan karen naka akwai kyau. Me kake ba shi?"

"Na 'yata ne," in ji Baba Direba. "Ni igiya kawai nake riƙewa."

Karen ya ja, shi kuma ya bi.